Ruwan wankin fim mai rini: taurari biyar sun isa shaida?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kafin in ɓata fim ɗina. Wani abokina da ya dawo daga Ingila ya kawo mini PMK, ruwan wankin fim ɗin nan na pyro mai barin rini a jikin nagatif, kwalba biyu, A da B. Mai sayarwar ya rubuta cewa daga itace aka samo sinadarin, don haka ba shi da illa, kuma kusan duk waɗanda suka saya taurari biyar suka ba shi. Wani ma ya ce shekara 20 yana tsoma hannu a ciki, ko ƙaiƙayi bai taɓa ji ba. Ina da fim uku da na ɗauka a Dutsen Shere, kusa da Jos, ranar Asabar, gajimare ya yi kyau ƙwarai. In zuba?

Baba Mai Studiyo: Wa alaikumus salam. Zuba mana, yaro. Mu da muka yi wankin hoto a bayan Terminus tun ana sa wa kyamara baƙin mayafi, wa ya san wata safar hannu? Da hannu muke juya katin hoto a cikin faranti, mu fito mu ci tuwo. Ga ni nan har yau.

Yayan Rikkos: Baba, da girmanka, amma wannan ba irin ruwan da kuka sani ba ne. Auta, ka zubar da shi. Guba ce tsagwaronta. Edward Weston, babban mai hoton nan na Amurka, da pyro ya riƙa wanke fim ɗinsa, ƙarshe ciwon karkarwa na Parkinson ya kama shi har ya rasu a 1958. Hoton dutse bai kai a sayar da lafiya ba.

Auta: To fa. Baba ya ce zuba, Yaya ya ce zubar.

Malamin Kemistiri: Bari in fara da maganar itace, don ita ta fi ba ni dariya. Gaskiya ne, asalin pyrogallol, wato sinadarin da ake kira pyro, daga tsiro ne. Scheele, wani masani ɗan Suwidin, shi ya fara samo shi a 1786 da ya gasa sinadarin gallic acid, wanda ake tatsa daga ƙululun da ƙwari ke sa wa wasu itatuwa. Dangin wannan sinadarin suna cikin bagaruwa, wadda majema suke jima da ita. Ka je Naraguta ka ga abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya: ta shige ta, ta ƙanƙame ta, ta canza mata launi. Irin wannan aikin pyro ke yi wa jelatin ɗin da ke jikin fim. Yanzu ka tambayi kanka, hannunka da me aka yi shi? Zaƙami ma ai tsiro ne, babu wanda ya ce a sha shi don daga ƙasa ya fito.

Baba Mai Studiyo: Malam, majeman ai hannu suke sawa.

Malamin Kemistiri: Suna sawa, Baba, amma ruwan bagaruwa daban, tataccen sinadari daban. Duk wanda ya yi kemistiri a sakandare ya haddace cewa pyrogallol a cikin ruwan alkali yana zuƙe iskar oksijin. Wannan kwaɗayin oksijin ɗin ne ke sa ya yi duhu da an haɗa shi, kamar yadda goro ke canza launi in an fasa shi aka ajiye, ko dankalin Bokkos in an fere shi aka bar shi a iska. Rinin da ake yabo, ragowar wannan aikin ne da ya maƙale a inda azurfa ta taru a nagatif.

Anti Mai Kemis: Na shigo a makare, yanzu na rufe shago. Baba da Yayan Rikkos, ku yi haƙuri, dukanku biyu labari kuka kawo, ba hujja ba. Yaya, Weston ya yi amfani da pyro, ya kuma yi ciwon Parkinson, duka biyun haka ne. Amma babu wanda ya tabbatar cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya. Masu wannan ciwon da nake sayar wa magani ba su taɓa shiga ɗakin duhu ba. Shi kuma mai cewa shekara 20 yana tsoma hannu, wa ya auna ƙodarsa? Wa ya duba jininsa? Abin da aka sani game da pyrogallol shi ne yana ratsa fata ya shiga jiki, in ya yi yawa yana hana jini ɗaukar oksijin yadda ya kamata, yana taɓa hanta da ƙoda. Rashin ƙaiƙayi ba ya nuna komai a kan waɗannan. Kuma wanda abin ya kwantar ba ya komawa wurin mai sayarwa ya rage taurari.

Yayan Rikkos: Ai kin goyi bayana ke nan, Anti.

Anti Mai Kemis: Rabi. Sauran rabin lissafi ne. Auta, duba jikin kwalbar, yaya aka ce a haɗa?

Auta: Ɗaya na A, biyu na B, ɗari na ruwa.

Anti Mai Kemis: Yawwa. Kwalbar A tana da giram 100 na pyrogallol a kowace lita. In ka sirka ta ɗaya cikin ɗari, ya koma kusan giram 1 a lita. Tankin fim ɗaya na 35mm yana cin wajen mililita 300, ka ga abin da ke ciki bai kai rabin giram ba, kuma a cikin rufaffen tanki. Wanda ya sa safar hannu ya zuba wannan ba a bakin kabari yake ba. Inda hatsarin yake shi ne kwalbar A kafin a sirka, sai kuma uwa uba garin sinadarin in mutum ya ce shi zai haɗa da kansa. Mai sayarwa ya ɗauki hukuncin sirkakken ruwa ya ɗora wa kwalbar gaba ɗaya. Yaya kuma ya ɗauki hukuncin gari ya ɗora wa sirkakken ruwa.

Injiniya: Ni maganar taurarin ce ta fi damuna, ba ta lafiya ba. A bara na karanta yabon Pyrocat-HD, wani ruwan wankin mai rini, har na ji kamar duk fim ɗin da na wanke a rayuwata asara na yi. Sandy King ne ya haɗa shi, da catechol maimakon pyrogallol, rininsa ya fi karkata ga ruwan ƙasa, na PMK kuma ɗorawa-ɗorawa mai ratsin kore. Da na samu, sai na yi abin da babu ɗaya daga cikin masu yabon da ya ce ya yi. Na kafa kyamara a gaban duwatsun Riyom, na ƙarar da fim ɗaya a kan abu ɗaya, haske ɗaya. A cikin duhu na yanka shi biyu da almakashi, rabi a D-76, ruwan wankin da aka saba da shi wanda ba ya barin rini, rabi a Pyrocat-HD. Na yi sikanin, na tura wa mutum biyar a nan ba tare da na faɗa musu wanne ne wanne ba. Baba yana cikinsu.

Baba Mai Studiyo: Kai Injiniya, tonon silili za ka yi mini a gaban yara?

Injiniya: Tuba nake, Baba. Amma D-76 ka zaɓa, ka ce ga aikin pyro nan a fili.

Baba Mai Studiyo: A waya ka nuna mini. Waya ba hoto ba ce. Ka buga a kati ka kawo, sannan mu yi magana.

Injiniya: A nan kam ka yi gaskiya, kuma shi ne ainihin abin da ke ɓata yawancin yabon da ake rubutawa. Da na buga a kati, bambanci ya fito, amma a gajimare kawai: fararen wuraren ba su ƙone ba, sun riƙe siffarsu, tsakin fim ɗin kuma ya ɗan lafa a sararin sama. Dalili shi ne rinin yana tare shuɗin haske. A katin da ke da kaifi ɗaya tak, wanda shuɗin haske kawai yake gani, rinin yana ƙara ratar baƙi da fari. A katin multigrade kuwa, wanda ake iya sauya masa kaifi, rini mai ɗorawa yana aiki kamar tacen da ke sassauta wuraren haske. Nagatif ɗaya, kati biyu, sakamako biyu masu saɓani. Masu buga hoto da hasken rana, irin su platinum, su suka fi cin moriyarsa don rinin yana tare hasken UV sosai. Shi kuwa mai sikana, injin yana daidaita masa komai kafin ma ya gani. To in mutum ya rubuta "wannan ruwan sihiri ne" bai faɗi wane fim ba, wane kati ba, wane zafin ruwa ba, me ya gaya maka?

Hajiya Mai Zane: Ni ban san kemistiri ba, amma na san ciniki. Wanda ya kashe kuɗinsa, ya jira wata guda kaya su zo daga waje, ya sha wahalar kwastam, da wuya ya fito ya ce bai ga bambanci ba. In fim ya lalace sai ya ce hannunsa ne bai iya ba. In ya yi kyau sai ya ce ruwan ne. Haka matan da ke sayen atamfa mai tsada suke, ko ta koɗe sai su ce mai wanki ne.

Yayan Rikkos: Duk na ji. Amma me ya sa za a ɗauko abu mai hatsari alhali ga D-76 nan tun 1927 ana aiki da shi lafiya lau?

Anti Mai Kemis: Lafiya lau? A kowace lita ta D-76 akwai giram 5 na hydroquinone, wannan dai da NAFDAC ke fama da shi a man bilicin, da giram 2 na metol, wanda aka daɗe da sanin yana fesa wa masu wankin hoto ƙuraje a hannu. Baba, tsakaninka da Allah, hannunka bai taɓa yin komai ba?

Baba Mai Studiyo: To, tunda kin haɗa ni da Allah. Akwai shekarar da yatsuna suka tsattsage, suka riƙa ruwa, ko alwala sai na cije. Lokacin sallah ne, hotuna sun yi yawa, kwana uku ban fito daga ɗakin duhu ba. Na ce hunturu ne, na shafa man kaɗanya. Da aiki ya lafa ya warke, da babbar sallah ta zo ya dawo. Ban taɓa kawo ruwan wanki a raina ba sai yau.

Anti Mai Kemis: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Da a ce lokacin ana ba da taurari, biyar za ka bayar.

Baba Mai Studiyo: Har yanzu ma biyar zan bayar. Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu.

Malamin Kemistiri: Yaya, in gudun guba kake yi da gaske, sai ka koma XTOL, wanda Kodak ta fitar a 1996, da dangin bitamin C aka haɗa shi, babu hydroquinone. Ko ka haɗa na kofi da sodar wanki da bitamin C. Kuma kada wani ya ce Pyrocat-HD ya tsira don babu pyrogallol a ciki. Catechol ma yana ratsa fata, kuma hukumar IARC mai binciken ciwon daji ta sa shi a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon. Sauƙinsa dai shi ne an fi sirka shi, kusan rabin giram a lita.

Injiniya: Ni fa da ma ina shirin yin odar garin pyrogallol ɗin ne, ya fi araha nesa ba kusa ba. Na sayi ƙaramin sikeli ma.

Anti Mai Kemis: A ina za ka auna?

Injiniya: A kicin, in madam ta fita.

Anti Mai Kemis: Injiniya, kai da ka yanka fim biyu don kada a ruɗe ka! Garin nan ba shi da nauyi, da ka buɗe yake tashi, ga iskar hunturu, ga fanka. Ya sauka a kan tukunya, ya shiga hanci. In ka nace, to ba a kicin ba, da takunkumi na ƙwarai da tabarau da safar hannu, fanka a kashe. Kuma kafin ka biya, ka ce mai sayarwar ya turo maka takardar bayanin hatsari ta sinadarin, wadda ake kira SDS. Duk kamfanin kirki yana da ita. Wanda ya ce maka babu, ko ya ce ba a buƙata don daga itace ne, ka riƙe kuɗinka.

Yayan Rikkos: Ni dai ba zai shiga gidana ba. Ina da yara ƙanana.

Hajiya Mai Zane: Wannan kuma hujja ce da ba mai ja da ita. Don Allah duk mai ajiye irin waɗannan, kada a zuba a robar lemo ko ta ruwan sha. Ruwan wankin da aka gama aiki da shi kamar shayi yake.

Auta: To ni yanzu ina na tsaya? Fim uku suna jira.

Injiniya: Kada ka fara da na Shere. Sayi fim ɗaya ka ƙarar da shi a kan katangar gidanku da sararin sama, ka gwada da shi. Mililita 3 na A, 6 na B, 300 na ruwa, ka auna da sirinji, kowace kwalba da nata. Ka haɗa dab da za ka zuba, don ba ya jira. Gordon Hutchings, mai PMK ɗin, cewa ya yi a riƙa juya tanki kowane daƙiƙa 15, in ba haka ba rinin ya yi dabbare-dabbare. Ruwan kuma ya kai digiri 21. Na famfon Jos da safe a wannan watan ba zai kai ba, sai ka ɗan sirka da na zafi.

Anti Mai Kemis: Safar hannu ta nitrile, shuɗiyar nan, ba farar roba ba. Biyo ta shago gobe in ba ka. Abin da ka gama da shi kuma kada ya je kusa da rijiya.

Baba Mai Studiyo: In ka wanke ka kawo mini nagatif ɗin in ɗaga shi a rana da kaina. Ban yarda da waya ba. Anti, safar tana da babba? Hannuna ba irin na Auta ba ne.