In duk daga ɗanyen mai suka fito, me ya hana fetur aiki a injin dizal?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon gyaran inji, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Maigidana ya sha jan kunnena kada in kuskura jarkar fetur ta kusanci injin dizal. To amma na ji an ce fetur, kananzir, dizal, gas ɗin girki har da kwaltar titi duk daga ɗanyen mai ake fitar da su. In tushensu ɗaya, ina bambancin ya shigo? Wani sinadari ake zuba wa kowanne, ko yaya?

Ma'aikacin Matata:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba zuba wani abu ake yi ba, rabawa ake yi. Ɗanyen mai haɗaka ce ta mayuka iri-iri, wasu marasa nauyi, wasu masu kauri, kuma kowanne da zafin da yake tafasa. A matata ana dafa shi har wajen digiri 350 zuwa 400, a tura shi cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe wadda gindinta zafi ne, samanta kuma da sanyi-sanyi. Tururin yana hawa yana hucewa. Kamar gidan bene ne, kowa da hawan da yake sauka: dizal ya koma ruwa tun daga ƙasa-ƙasa, kananzir a samansa, fetur can sama, gas kuwa ya fice ta ƙoli bai koma ruwa ba. Abin da ya ƙi tashi ya kwanta a gindi, daga shi ake samun baƙin mai da kwalta.

Man jirgin sama ma kananzir ne da aka ƙara tacewa.

Tsohon Makanike:
Yaro, maigidanka ya yi gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Injin fetur yana da fulogi. Mai da iska suna haɗuwa, fistan ya matse su, su jira tartsatsi kafin su kama. Don haka fetur mai kyau shi ne wanda ba ya gaggawar kamawa da kansa. Injin dizal kuwa ba fulogin tartsatsi a jikinsa. Iska zalla yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ta fesa mai, ya kama nan take. Ka ga abin da wannan injin yake nema daga mai, shi ne ainihin abin da wancan yake gudu.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Ka ɗiga dizal a yatsunka ka murza, za ka ji santsi. Ka ɗiga fetur, kafin ka murza ya bushe, ya bar fatar fari fat. Wannan santsin shi ke shafe cikin famfon mai da nozul. Fetur yana shiga sai ya wanke shi, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Na buɗe famfon da aka yi wa haka, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki, ya bi bututu har nozul. In an yi kuskuren zubawa, kada ma a kunna makulli, a zuƙe tankin tukuna.

Uwar Yara:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ke damuna shi ne kananzir da ake gaurayawa da fetur. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya kai kusan digiri 38, shi ya sa yake zama lafiya a fitila yana bin lagwani a hankali. Fetur kuwa ko cikin tsananin sanyi tururinsa tashi yake. In an haɗa su, tururin ya cika cikin tankin risho, ashana ɗaya ta isa ya fashe. Don Allah kada a ƙara mai a fitila ko risho wuta na ci. Gas ɗin girki ma ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Warin nan da muke ji sa masa shi aka yi da gangan domin a gane yana yoyo.

Ɗan Koyo:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Yaya na matata, ke nan adadin fetur ɗin da ke cikin gangar ɗanyen mai ƙayyadadde ne?

Ma'aikacin Matata:
Da dafawa kaɗai, i. Ganga lita 159 ce, kuma fetur ɗin da rabawar farko ke bayarwa bai kai abin da motocin duniya ke sha ba. Shi ya sa ake ɗaukar mai kaurin a farfasa shi da zafi da wasu sinadarai ya koma mara nauyi. Da wannan dabara matatun Amurka ke fitar da kusan rabin ganga a matsayin fetur. Irin ɗanyen man ma yana da tasiri: mara kauri mai ƙarancin farar wuta ya fi sauƙin tacewa, shi ya sa ya fi daraja.

Da can kuwa ba haka lissafin yake ba. Lokacin da wani Ba'amurke, Edwin Drake, ya haƙa rijiyarsa ta mai a jihar Pennsylvania a 1859, kananzir na fitila ake nema. Fetur ya yi saurin kamawa da yawa, ba ya shiga fitila, har wasu matatun zubar da shi suke yi kafin mota ta yaɗu.