Kumasi ta zama gida: musayar waƙa

Bakatsinen Kumasi:
Assalamu alaikum. Abokina na ƙuruciya ya tambaye ni yaushe zan tattara daga Kumasi ta ƙasar Gana in koma gida Katsina, sai amsar ta zo mini a waƙe. Mai baiti ya jefo nasa.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Shi ya ƙaddara Kumasi ce mazaunina.
Na zo da jaka guda da niyyar komawa,
Cinikin goro kaɗai ne dalilin zuwana.
A kasuwar Kejetiya na koyi Tonanci, yaren Ashanti,
Mata masu sayar da doya ne malamaina.
A Aboabo na kama ɗakin haya,
Ladan na tashe ni kamar a garina.
Koko da ƙosai in gari ya waye,
Wake da shinkafa cikin ganye da rana.
A nan na yi aure, a nan na yi zuriya,
A nan aka binne cibiyar 'ya'yana.
Ku daina kira na baƙo, 'yan'uwa,
Hankali ya kwanta, nan ne gidana.

Na Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam. Ni ne mai tambayar, kuma ban janye ta ba.

Waƙarka ta yi daɗi, aboki, na ji,
Sai dai akwai sauran magana a gabanka.
Kowa ya bar gida, gida ya bar shi,
Zancen manya ne, ka riƙe shi a ranka.
Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye,
An yi hawan sallah, ba mu ga fuskarka.
Inna takan tambaye ni duk ran Juma'a,
Ta dama fura, tana duban hanyarka.
Damina ta faɗi, gonar gado na nan,
Ƙannenka sun yi shuka suna jiranka.

Hajiya ta Sabon Zango:
'Ya'yana, ku bar tsohuwa ta sa baki. A ƙasar nan aka haife ni, aka haifi babana.

Ɗana Bakatsine, ba kai ka fara ba,
Hanyar da ka biyo ta kakanninmu.
Fatake da jakuna suka sauka Salaga,
Su kawo kanwa, su kai goro ƙasarmu.
Yaƙin 1892 ya watsa Salaga,
Kumasi da Karaci ta Gana suka karɓi mutanenmu.
Alhaji Umaru, Bakano, ya zauna Karaci,
Can ya rasu a 1934, malaminmu.
Amma a 1969, ina yarinya,
Firaminista Busiya ya kafa doka a kan baƙinmu.
Mako biyu aka ba marar takarda,
Manyan motoci suka kwashe maƙwabtanmu.
Wata ta bar mini tasa ta ce in ajiye,
Har yau tana nan, ba ta dawo wurinmu.
A 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana,
Kukan iri ɗaya ne, nasu da namu.
Ka ji daɗinka, ɗana, ban hana ka ba,
Ka dai gyara takardu, ka ji gargaɗinmu.

Bakatsinen Kumasi:
Allah ya ƙara girma, Hajiya. Takarduna a sabunce suke, kuma maganar tasar nan ta sa ni hawaye. Ga amsata gare ku duka biyu.

Daren da naƙuda ta kama matata,
Ina Tamale, mota ta tsare ni.
Maƙwabciyarmu Batoniya, Kirista,
Ita ta kai ta asibiti a madadina ni.
Ta kwana a zaune, ta yi wankan jariri,
Da asuba ta buga waya ta sanar da ni.
Ran suna ta zo da danginta duka,
Ta ce ɗanta ne ni, haka take kira na ni.
In azumi ya kama ta aiko da abarba,
In sun yi rashi, a sahun gaba za ka gan ni.
Shehu Sharubutu, babban limamin ƙasa,
Ya je coci a 2019, abin ya burge ni.
Yana da shekara ɗari ya kai gaisuwa,
Irin wannan zaman ne ya riƙe ni.
Aboki, Inna ba ta fita raina ba,
Albarkarta ce har yau ke bi na ni.
Da babbar sallah zan zo da jikokinta,
In durƙusa gabanta ta shafa ni.
Amma in hutu ya ƙare zan juyo,
Kada ka ji haushi, ka fahimce ni.

Ɗan Nima:
Baba, ni nawa a juye yake.

A Nima ta Akra aka yanke cibiyata,
Katsina sai dai a bakin kakata.
Tana ba ni labarin ganuwa da ƙofofi,
Ban taɓa taka ƙasar ba da ƙafata.
In tafiyar sallah ta tabbata, Baba,
Ku ajiye mini gurbi a cikin mota.

Na Ƙofar Soro:
Na karanta wa Inna baitocin naƙudar, ta ce a gaida mata Batoniyar nan.

Ta ce ka zo da hoton matar ta gani,
Akwai turmin atamfa da za ta ba ka.
Ɗan Nima kuma ɗakinsa na gidana,
Ka faɗi ranar, mu zo tasha tarbarka.