Baƙin waje ne za su ceto ƙauyukan Japan?

Yaya Auwal: Salam jama'a. Jiya na dawo daga Shirakawa-go, ƙauyen nan mai gidajen jinka a cikin duwatsun Gifu, kuma wlh ina nan kan bakana, baƙin ƙasashen waje ne kawai za su ceto ƙauyukan Japan. Matasa sun watse zuwa Tokyo da Osaka, lissafin gwamnati na 2023 gidaje wajen miliyan 9 ne babu kowa a ciki, amma can Shirakawa-go shaguna a buɗe, bas na shiga bas na fita, har 'yan Malesiya da Indonesiya na gani da hijabansu suna cin abinci.

Zainab: Yaya ban yarda ba gsky. Duk ƙauyen mutum nawa ne? Wajen 1,500 fa, masu zuwa kallo kuma sun haura miliyan ɗaya da rabi a shekara. Gidan mutane ne ba gidan tarihi ba, mace na shanya a ƙofar gidanta wani na ɗaukarta hoto

Yaya Auwal: To ai da hoton ake samun kuɗin gyaran rufin ƙanwata. Tun da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1995 ne ma aka san shi a waje.

Kawu Sule: Auwalu tsaya, wa ke baibaya jinkar? Tambayata ke nan.

Yaya Auwal: Kawu gayya suke yi irin tamu sak, su suna ce mata yui. Bayan shekara talatin ko makamancin haka sai a sauke tsohuwar ciyawa, mutum ɗari ko fiye su hau babban gida su gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Yanzu kam ana haɗawa da masu sana'ar da 'yan sa kai daga birni.

Kawu Sule: To ka gani. Gayya da maƙwabci ake yinta, wanda ka yi wa bara ya zo maka bana. Baƙon da ya sauko daga bas ba zai hau maka rufi ba, in maƙwabtan suka ƙare kuɗi ba zai haifo wasu ba.

Zainab: Allah ya ja kwana Kawu. Kuma tun da aka kammala babbar hanyar da ta ratsa yankin a 2008 zuwa ya yi sauƙi, ƙasa da awa ɗaya daga birnin Takayama, shi ya sa da yawa ba sa kwana, su zaga su sayi ɗan abin ci su wuce birnin Kanazawa, kuɗin otal ya tafi birni shara da cunkoso su rage wa ƙauye. Ko kunna fitilun da ake yi lokacin dusar ƙanƙara sai da suka mai da shi sai wanda ya kama wuri tun da wuri, a 2019, don taron ya fi ƙarfinsu.

Maman Ummi: Ni ina bayan Yaya fa. Ku dubi Nagoro a tsibirin Shikoku, makarantarsu ta rufe a 2012 ba yara, mutum-mutumin tsumma da wata baiwar Allah ke ɗinkawa sun ninka mutanen garin. Abin ya taɓa min zuciya sosai. Cunkoso ai ya fi kufai.

Zainab: Anti ai Nagoro ma baƙi na zuwa kallon mutum-mutumin, makarantar ta buɗe?

Yaya Auwal: Ba ta buɗe ba, wannan kin yi gaskiya. Amma abin da ya riƙe Shirakawa tun 1971 mutanen suka yi alkawari tsakaninsu, ba sayarwa, ba ba da haya, ba rushewa. Kuɗin baƙin a hannun 'yan gari yake faɗawa ba kamfanin Tokyo ba, ɗan da ya tafi birni yana da abin da zai dawo ya tarar.

Kawu Sule: Ashe alkawarin ne ya riga baƙin zuwa. Kai ka kwana can?

Yaya Auwal: A'a Kawu, da yamma na biyo bas na koma Takayama. In sha Allah in sanyi ya shigo zan kama ɗaki a ɗaya daga gidajen jinkar da ke saukar baƙi, in zauna da mai gidan in tambaye shi ko 'ya'yansa suna garin.