Ya ake warware maganar mallakar bayanan bincike kafin a tafi musayar masu bincike?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita aikin bincike a wata jami'a. Ina digirin digirgir ne a kan yadda siginar 5G ke ratsa gine-gine a zangon 3.5 GHz, wani lab a Turai sun gayyace ni na 'yan watanni a ƙarƙashin shirin musayar ma'aikata na Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda ake iya tura mutum daga wata 1 har zuwa 12. Wasiƙa ta zo, malamina ya amince, amma magana ta cije a wajen yarjejeniya.

Awon da na yi da eriyoyin wani kamfanin waya na yi shi, kuma mun sa hannu cewa ba za mu ba kowa ɗanyen bayanan ba, su kuma 'yan lab ɗin can sun ce ai sai sun gani da idonsu kafin a gwada da nasu awon, sannan lauyoyinsu na so duk abin da aka gano a lab ɗinsu ya zama mallakinsu har da haƙƙin ƙirƙira. Jami'armu ta ce ba ta yarda ba, ni ma a ganina tana da gaskiya tunda rabin aikin namu ne.

To ya kuka yi? Idan aka cire wuraren da eriyoyin suke aka ba da taƙaitaccen sakamako kawai, mujallun IEEE (ƙungiyar injiniyoyin lantarki) za su karɓa kuwa? Kuma wa ya kamata ya fara tuntuɓar kamfanin, ni ko ofishin bincike na jami'armu? Lokacin neman biza na ta ƙurewa wallahi.