Kwamfuta mai zuciya nawa zan saya?

Ɗaliba daga Tahoua: Salamu alaikum ƴan zaure. Yayana yana Yamai zai saya mini kwamfutar hannu ta gwanjo. An nuna masa biyu, ɗaya mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-7500U, ɗaya mai i5-8250U, mai shago ya ce i7 ta fi. Rubutun kammala karatu zan yi, sai ɗan haɗa bidiyo.

Mai gyara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗauki i5 ɗin, kada lamba 7 ta ruɗe ki. Zuciya, wato core, ita ce sashen firosesa da ke yin aikin. Waccan i7 zuciya biyu gare ta, i5 ɗin huɗu, don a 2017 ne Intel ta ninka su a wannan jeri. Kuma Windows 11 bai karɓi waccan i7 ba, ga Windows 10 an daina sabunta shi tun 14 ga Oktoba 2025.

Malamin lekol: Gaskiya ne, amma ɗiyata ki sani, rubutu a Word kusan zuciya guda yake ci, sauran na zaune. Haɗa bidiyo ne ke raba musu aiki. A duba tana da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) da RAM (ma'ajiyar aikin da ake ciki) jiga 8.

Mai bidiyon biki: Ni zafi ne ya koya mini. Na sayi mai zuciya shida, irin mai H a ƙarshen sunan firosesa, wadda ke shan wat 45. Watan Afrilu, ɗaki kamar tanderu, na aza ta bisa katifa ina fitar da bidiyon amarya. Fanka na kuka, ƙasanta ba ta taɓuwa, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Wallahi na ɗauka ta lalace. Aka ɗauke kuran, batir bai kai ni ko'ina ba.

Mai gyara: Kare kanta take yi, Alhaji. In ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu. Jiya na buɗe wata, ƙurar hunturu ta toshe ragar iska kamar auduga. Na share, na sake man firosesa, ta dawo hayyacinta. Mai U a ƙarshen suna, kamar i5 ɗin nan, wat 15 ne, ta fi dacewa da garinmu.

Ɗaliba daga Tahoua: Allah ya saka. To MacBook Air M1 fa? An ce ba ta da fanka.

Mai gyara: Haka ne, ta 2020, zuciya takwas, huɗu na aiki mai nauyi, huɗu na tattalin batir. Sai dai RAM ɗinta a manne yake, ba a ƙarawa. Ki ce wa yayanki ya kunna i5 ɗin a shago, ya bar bidiyo na tafiya rabin awa, ya sa hannu a ƙasanta kafin ya biya.