Lambar da ta hana group barci

Ɗan Aji Shida: Jama'a yau malamin lissafi ya yarfa ni a gaban aji, wai don na ce 4,294,967,297 ba ta rabuwa da kowace lamba sai 1 da ita kanta. Na gwada 3 na gwada 7 na gwada 11 har 97 duk da saura, kuma Fermat, masanin lissafi na Faransa, ma haka ya yi zato tun 1640, amma mutumin nan dariya kawai ya yi ya ce in zauna. Biliyan huɗu da ɗoriya fa, shi ya taɓa gwadawa?

Na Damagaram: Wane biliyan kuma? Wannan miliyar huɗu ce. A faransanci biliyan sifili 12 gare ta, taka ko kusa ba ta kai ba.

Baban Ummi: To ai ba a Zinder muke ba malam, a nan sifili 9 biliyan ne, je ka tambayi masu karanta kasafin kuɗi a rediyo

Na Damagaram: Fermat ɗin da ya ambata Bafaranshe ne ko Bature ɗan Ingila? To da harshensa za a ƙirga.

Hajiya Babba: Ku dai kun cika son aro, kakanninmu miliyan ma zambar dubu suke cewa kuma ba wanda ya cuce su a kasuwa.

Baban Ummi: Hajiya da girmanki, da kuɗin wuri suke ciniki fa

Malama Lissafi: Ƙanena malaminka ya yi gaskiya. Lambar 2 ce aka ninka da kanta sau 32 aka ƙara 1, 'yan uwanta na baya 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa shi ya sa Fermat ya ɗauka haka za a tafi, sai wani masanin lissafi Euler ya zo a 1732 ya nuna 641 sau 6,700,417 ita ce daidai. Ɗauki kalkuleta ka buga.

Sarkin Gardama: Ni dai na ga ta ƙare da 7, mara ce ba cika ba, kuma mara ba ta rabuwa

Malama Lissafi: 9 ma mara ce, raba ta uku ka gani.

Sarkin Gardama: Ku 'yan sayans haka kuke, sai raina mutane

Na Damagaram: Har yanzu ba wanda ya amsa min zancen miliyar.

Ɗan Aji Shida: 641 kuma? wa zai kai can fisabilillahi

Baban Ummi (admin): To a taƙaice an tashi a kan cewa biliyan ne, ɗan'uwanmu na Damagaram bai kawo hujja ba. Zancen 641 kuma Malama ta ce a buga kalkuleta, ni wayata ba caji. Na rufe.

Na Damagaram: Wa ya tashi a kan haka?