Wace Hausa za mu ba wannan nau'in shaƙuwa?

Malama (Jidda): Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi wa matan unguwarmu darasi kan raino, na kuma maƙale a kan yadda zan fassara disorganized attachment, wani nau'in shaƙuwar jariri da mai rainonsa, wanda Larabawa ke ce wa "ta'alluƙ gairu munazzam". Masana halayyar yara Mary Main da Judith Solomon suka fito da shi a 1986, da suka sake duba yaran da suka ƙi shiga rukunan shaƙuwa 3 da masaniya Mary Ainsworth ta ware tun farko. A gwajin da Ainsworth ta tsara, uwa kan fita ta bar ɗan shekara guda a ɗakin da bai sani ba, sannan ta dawo. Wani yaron sai ya nufo ta kai a juye gefe, ko ya sandare, ko ya kife a ƙasa. Yana neman uwar, yana kuma tsoronta. Me zan kira wannan?

Ɗan Madina: Wa alaikumus salam. Shaƙuwa dai ta zauna. "Shaƙuwa marar tsari."

Uwar Biyu: Marar tsari bai nuna halin da yaron ke ciki ba. "Rikitacciyar shaƙuwa."

Baffa (Makka): Ku daina bin sawun Bature. Main da Erik Hesse a 1990 sun ce tushen abin shi ne wanda yaro zai gudu wurinsa shi ne abin tsoron. Gaba kura baya siyaki ke nan. "Shaƙuwar gaba-kura." An gama.

Ɗan Madina: Baffa, karin magana ba ya zama kalmar ilimi. In ma an rasa, a ce ta'alluƙi, kowa a nan ya san shi.

Baffa: Ga irinta nan. Jikokinmu ba sa iya haɗa jimla sai da "yalla" da "khalas", kai kuma ɗan jami'a kana ƙara musu.

Ɗan Madina: Littafi, alƙalami, darasi, daga ina muka samo su?

Baffa: Waɗannan sun sha ruwan Kano sun narke, yaro. Hausata a bakin kakata na koye ta, wadda ta zo hajji a ƙasa ta Sudan.

Malama: Don Allah Baffa, lokaci. Kalmarka ta kama ma'anar, amma ba zan tsaya gaban iyaye mata in kira su kura ba. Binciken 1999 da ya tattara nazarce-nazarce masu yawa ya sami abin a kusan kashi 15 cikin 100 na yaran gidajen da ba a san su da wata matsala ba. Sau da yawa uwar ba mugunta gare ta ba, rashi ne ko firgicin da bai sake ta ba. Cikin matan nan akwai waɗanda yaƙin Sudan ya koro.

Uwar Biyu: Ki shirya, za su tambaye ki kunyar ɗan fari.

Malama: Wannan daban. Kara ba firgitarwa ba ce. Binciken Marvin da su LeVine na 1977 a ƙasar Hausa ya nuna jariri kan shaƙu da masu raino fiye da ɗaya. Zan rubuta "rikitacciyar shaƙuwa", in kawo karin maganar Baffa wajen bayanin abin da yaron ke ji.

Ɗan Madina: A rubutun jami'a ni dai marar tsari zan sa.

Baffa: To, a yi haka ranar Asabar. Amma ban janye ba.